Daga ruwan ɗumi zuwa ruwa mai digiri 8: wace riga, darma nawa, kuma yaya ake tsayawa cak?

Mannir, Ƙofar Guga

Assalamu alaikum, jama'ar zauren nan. Ina neman shawarar waɗanda suka san nutso da tukunyar iska. Shaidar da ke hannuna ta matakin farko ce, kuma a Bahar Maliya ta ɓangaren Masar na koya, inda ruwa ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 22 da 28. Kayan da na saba da su ke nan: rigar roba mai kaurin milimita 3, tukunyar alminiyam mai lita 11, darmar da ake ɗaurawa don a iya nutsewa kilo 4. Nauyina kilo 75.

In Allah ya kai mu Satumba zan tafi karatu Aberdeen, a Sikotland, kuma ina son ci gaba da nutso tare da ƙungiyar ɗalibai. Rigar roba mai kauri za ta wadatar, ko dole sai busasshiyar riga wadda ruwa ba ya shiga? Darma kilo nawa zan ɗaura? Regiletar da nake da ita, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya da ita, za ta yi? Sannan ta yaya mutum ke tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba nutsewa ba tasowa, alhali iska tana wuri biyu, cikin riga da cikin jaket ɗin iska, wato BCD? Wannan ta ƙarshen ta fi damuna. Allah ya saka da alheri.

Malam Sada, Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam. Mannir ƙanena, Allah ya sa a je lafiya a samo abin da aka je nema.

Riga tukuna, don ita ke yanke yawan darma. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da ɗoriya. Tekun gaban Aberdeen yana sauka zuwa digiri 6 ko 7 a Fabrairu da Maris, a Agusta ma da ƙyar yake taɓa 14. Rigar roba mai milimita 7 da hula za ta ɗan riƙe ka a ƙarshen lokacin zafinsu, amma tana da aibi. Robar cike take da ƙananan kumfa, matsin ruwa kuwa matse su yake yi. A mita 10 na farko kaɗai takan rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na girmanta, ta ci gaba da raguwa in ka ƙara zurfi. Tana sirancewa daidai inda ruwa ya fi sanyi, ƙarfin da take ɗaga ka da shi kuma yana tafiya tare da kaurin. Wanda zai shekara a can, busasshiyar riga ce tasa, babu ja.

Iri biyu za ka tarar. Akwai mai siririn yadi hawa uku, wadda ba ta ba da ɗumi ko kaɗan, tare ruwa kawai take yi, ɗumin daga kayan da ka sa a ciki yake zuwa. Akwai ta robar niyofirin da aka riga aka matse tun a masana'anta, milimita 2 zuwa 4. Ta fi nauyi, ta fi jinkirin bushewa, amma ta fi kama jiki, iska ba ta yawo a cikinta sosai. Saboda wannan na fi so wa mai koyo ita. Ko wacce ka ɗauka, kada auduga ta taɓa fatarka. Singiletin auduga yana shan gumi ya riƙe, bayan minti goma ya koma yana sanyaya ka. Siririn ulu ko yadin da ke fitar da gumi a jikin fata, rigar ɗumi mai kauri a kai, safar ulu a ƙafa.

Darma. Lissafin farawa shi ne kashi 10 cikin 100 na nauyinka, kilo 7 da rabi ke nan, a ƙara 3 zuwa 5 saboda iskar da kayan ɗumi ke riƙewa. Wannan in da tukunyar alminiyam ne. A can tukunyar ƙarfe mai lita 12 da bar 232 (bar shi ne ma'aunin matsi) aka fi ɗauka, ita kuwa ko ta kusa ƙarewa ba ta tasowa, saɓanin ta alminiyam da ke ɗaga ka da kusan kilo 2 in ta yi fanko. Cire kilo 2 zuwa 3. Za ka faɗa tsakanin kilo 8 da 10 a ruwan gishiri, ƙila 12 in kayan ɗumin masu kauri ne sosai. In a ruwan daɗi aka fara da ku, tafki ko tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, rage kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyinka haɗe da kaya duka. Kai da kaya wajen kilo 110 ne, ragin kusan kilo 3.

Duk wannan kintace ne. Gwajin gaskiya a ƙarshen nutso ake yin sa. Iskar cikin tukunya tana da nauyi, wajen giram 1.2 kowace lita. Daga bar 232 zuwa 50 a tukunya mai lita 12 ka shaƙe lita 2,184, ka rage nauyi da kilo 2.6 ba tare da ka ajiye komai ba. To ka tsaya a mita 5, geji yana nuna 50, jaket fanko, riga da 'yar iskar da za ta hana ta matse ka kawai, kana numfashi yadda ka saba. In ka tsaya cak, darmarka ta yi. In kana ta kifa kai kana harba ƙafa don kada ka tashi, ƙara kilo 1. In sai da iska a jaket kake iya tsayawa, cire kilo 1 ka sake gwadawa a nutso na gaba. Rubuta sakamakon a littafinka tare da irin rigar cikin da ka sa, don canja ta kaɗai yana iya motsa lissafin da kilo 2.

A nan gizo ke saƙar: yawancin masu cewa busasshiyar riga ta gagare su, darma ce ta yi musu yawa. Kowane kilo 1 na rara sai ka biya shi da lita 1 ta iska. Ɗauki rarar kilo 3 a mita 20, inda matsi yake bar 3, lita 3 ke nan. Ka hau mita 10, matsi bar 2, ta zama lita 4 da rabi. A mita 5 lita 6, a sama lita 9. Tsakanin mita 20 da mita 5 ƙarfin kilo 3 ke jan ka sama daga wannan rarar kaɗai, ban da iskar riga. Huhu yana iya gyara kilo 1 ko 2 in ka zurfafa numfashi ko ka rage shi. Abin da ya wuce haka sai bawul, na riga kuwa a hankali yake saki. Ƙarancin darma ma illa ce, ba za ka iya tsayuwar minti 3 da ake yi a mita 5 kafin fitowa ba, amma an fi yin kuskuren ta wajen ƙarawa, don ɗalibi ya nutse da wuri a wuce wurin.

Kada ka tara ta wuri ɗaya. Kilo 10 a bel guda yana zamewa a kan rigar, yana karya ƙugu, in ya kwance a mita 20 kuma babu abin da zai tsayar da kai. Kilo 4 zuwa 6 a bel ko a ɗamara mai rataya a kafaɗa, saura a aljihunan jaket, kilo 1 a saman tukunya in ƙafafunka na rinjaya ƙasa. Duba rubutun jikin jaket ɗinka ma. Wasu ƙanana na tafiye-tafiye wajen kilo 10 ne iyakar abin da suke ɗagawa. Nemi mai kilo 14 zuwa 18, yadda ko riga ta sha ruwa zai fito da kai.

Injiniya Rabe, Daura

Malam Sada ya gama da darma. Ni regileta zan ɗauka.

Juya kan da ake ɗaurawa a tukunya, wato kan farko, ka karanta abin da aka zana a ƙarfen. Ƙa'idar Turai ta wannan kaya ita ce EN 250, a wurinta kuma duk ruwan da bai kai digiri 10 ba ruwan sanyi ne. In ka ga an haɗa lambar da alamar sama da digiri 10, ta ruwan ɗumi ce, bar ta a gida. Wadda aka amince da ita don sanyi a ruwa mai digiri 4 aka gwada ta. Harafin A a ƙarshe, EN 250A, yana nufin an gwada ta mutum biyu suna shaƙa lokaci ɗaya, abin da za ka buƙata ranar da abokin nutsonka zai karɓi bakin shaƙarka na ajiya.

Ga yadda take daskarewa. Kan farko yana sauke iska daga bar 200 da wani abu zuwa wajen bar 10, bakin da kake shaƙa ya ƙara sauke ta zuwa matsin ruwan da kake ciki. Iska in ta buɗe da sauri sanyi take yi, kamar yadda bawul ɗin taya ke sanyi a yatsan mai faci in ya saki iska. A ruwa mai digiri 27, ruwan da ke kewaye yana mayar wa ƙarfen ɗumi. A digiri 6 ba shi da abin bayarwa. Ƙarfen ya sauka ƙasa da sifili, ɗigon ruwan ciki ya zama ƙanƙara ya tokare bawul a buɗe, iska ta ɓalle, yawan fitarta kuma ya ƙara sanyin. Cikin 'yan mintuna tukunya mai lita 12 take ƙarewa. Ruwan daɗi ya fi teku wannan haɗarin, don a sifili yake daskarewa, na teku sai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Ƙasan tafki mai zurfi a ƙasashen nan yakan zauna a digiri 4 zuwa 6 ko da a sama ana zafi.

Nemi kan farko mai tantani wanda aka rufe ɗakin sifirin ɗinsa ruwa ba ya shiga, da mahaɗa irin ta DIN da ake murɗawa cikin bakin tukunya, don zoben robarta a ɓoye yake, ba ya tsalle ya fita. Ramukan ƙaramin matsi su kai huɗu: bakinka, na ajiya, jaket, riga. Kan tiyon riga ba iri ɗaya ba ne a duk kamfanoni, gwada shi a bawul ɗin ƙirji tun a shago.

Ranar da iskar waje ta kusa sifili, kada ka yi ta shaƙa a tudu. Numfashi ɗaya ko biyu na gwaji ya isa, kuma kada ka huro ta cikin bakin, tururin bakinka ne ke fara daskarewa. Kada ka danna maɓallin fesawa ka riƙe. Kada ka hura jaket ko riga daidai lokacin da kake jan numfashi. Taɓawa ta daƙiƙa ɗaya, tsakanin numfashi da numfashi. In duk da haka ta ɓalle, kada ka rufe leɓe a kan bakin. Karkata kai, rara ta fita ta gefe kana kurɓar iskar, ka yi wa abokinka alama, ka karɓi nasa na ajiya, ku hau tare a kan mita 9 zuwa 10 a minti.

Lissafin iska ma zai canja. Tukunyar da ta nuna 232 tana da zafin digiri 30, in ta shiga ruwa mai digiri 8 za ta nuna wajen 215. Ba yoyo ba ne. Mai shan lita 20 a minti a sama yana shan 60 a mita 20, bar 150 na tukunya mai lita 12 kuwa lita 1,800 ne, minti 30. Sanyi da nauyin kaya su kai shi lita 25, ya koma minti 24, rigar ma tana cin nata rabon. Batirin kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu da na tocila suna saurin mutuwa a sanyi, kada ka shiga da wanda ya yi rabi.

Bishir, Dutsin-Ma

Salamu alaikum. Yaya Rabe, Allah ya ƙara sani. Mannir, ga tambayarka ta ƙarshe.

Bawul biyu ne a rigar. Na ƙirji mai maɓalli shi ke shigar da iska. Na saman hannun hagu shi ke fitarwa: in ka murɗa shi saɓanin tafiyar agogo yana buɗewa, ya riƙa saki da kansa da zarar iska ta taru a wurin, ɗaya ɓangaren yana rufewa.

Kafin shiga, abokinka ya ja zif har ƙarshe, kai ma ka taɓa ka tabbatar, santimita ɗaya da ya rage ya isa ya jiƙa ka sharkaf. Tsuguna, sa yatsa biyu ka ɗaga robar wuya, rungume gwiwoyi iska ta fita, ka saki robar kafin ka miƙe. A saman ruwa bawul ɗin hannu a rufe, jaket ke riƙe da kai. In za a sauka, buɗe shi gaba ɗaya ka mayar da shi baya ƙas biyu ko uku, zubar da iskar jaket, ɗaga kafaɗar hagu, ka sauka a tsaye har mita 2 ko 3 sannan ka kwanta. Tun daga nan za ka ji rigar tana tsuke ka. Taɓa maɓallin ƙirji sau ɗaya duk mita 1 ko 2. In ka jira sai mita 10, iskar ciki ta koma rabi, yadin zai tsunkuli fata ya bar maka jajayen shata, hannunka ma da ƙyar zai kai ga maɓallin.

Iskar riga tana gudu ne zuwa duk inda ya fi tudu a jikinka. Kwanta sosai, gwiwoyi a lanƙwashe, kafaɗa ta ɗan fi ƙugu tudu kaɗan. Wajen hawa, saki iska kafin ka ji kana tashi. Mirgina kafaɗar dama ƙasa, ɗaga gwiwar hannun hagu, hannun a lanƙwashe don iska kada ta wuce bawul ta tafi wuyan hannu, ka jira kana kallon kumfar tana fita. Maimaita duk mita 1 zuwa 2. Mita 10 na ƙarshe sun fi wuya, a nan iska ke ninkawa biyu. In ka yi duk wannan kumfa ba ta fita yadda ya kamata, duba rigar ciki: mai santsin baya takan manne ta toshe bawul ta ciki.

Akwai abubuwan da za ka yi ta maimaitawa a ruwa mara zurfi, gaban malami, har su zama jiki. Iska ta taru a ƙafa ta kifar da kai: harba da ƙarfi zuwa ƙasa, dunƙule gwiwoyi a ƙirji, yi alkafura ka fito kai sama, nan take ka ɗaga hannun hagu. Jinkirin daƙiƙa biyar a nan yana iya sa takalman su cika da iska su tuɓe maka filafilan iyo na ƙafa. Maɓallin ƙirji ya maƙale yana ta hurawa: cire tiyon tukuna, sannan ka zubar da iska, in bawul bai wadatar ba ka ja robar wuya ko ta hannu. Za ka sha ruwan sanyi a jiki, amma ka tsaya. Gwada cire tiyon nan da safar hannu mai kauri, don da ita za ka cire shi ranar da ta ɓaci. Riga ta cika da ruwa: ruwa a cikin ruwa ba shi da nauyi, abin da ka rasa iskar kayan ɗumi ce. Hura jaket, ka kawo ƙarshen nutson. Nauyin sai wajen hawa tsanin jirgi za ka ji shi.

A ganina, mai tukunya ɗaya ya yi aiki da riga kaɗai a ƙarƙashin ruwa, ya bar jaket fanko. Wuri ɗaya zai lura da shi wajen hawa, hankalinsa bai rabu ba.

Ƙananan kaya: hula milimita 5 zuwa 7, gefen gilashin fuska ya zauna a fata, hular ta hau kansa. Ja gefen hular ruwa ya shiga kunne tun a sama, in ta manne ta rufe kunnen matsi zai cutar da dodon kunne. Safar hannu milimita 5. Filafilanka na Masar ba za su shiga takalmin rigar ba, nemi manya na roba masu nauyi, suna taimakawa wajen riƙe ƙafa ƙasa. In kana da gashin baki, rage layin da ke ƙarƙashin hanci ko ka shafa man silikon, in ba haka ba ruwa mai digiri 7 zai yi ta tsiyaya maka a hanci.

Malam Sada, Ƙofar Marusa

Bishir, na yarda da komai sai abu ɗaya. A farkon nutso mutum yana ɗauke da rarar kilo 2.6 ta iskar tukunya, ko da darmarsa daidai take. In da riga ya biya ta, kusan lita 3 ke nan na iska mai yawo a kan wadda ke hana matsi, kuma ita ce ke gudu ƙafa. A jaket ba ta da wurin zuwa, kuma jaket yana da bawul biyu ko uku masu zubarwa nan take. Ni riga don ɗumi da hana matsi, jaket don daidaito. Abin da hakan ke ci shi ne tuna wuri biyu wajen hawa: na riga a buɗe yake yana aikinsa in ka ɗaga kafaɗa, hannunka yana kan na jaket.

Makarantun nutso ma sun rabu a kan wannan. Mannir, bi hanyar malamin da zai koya maka har ka karɓi shaidar busasshiyar riga, kada ka haɗa biyu a tsakiyar koyo. In darmarka daidai take, tazarar hanyoyin biyu kaɗan ce, da tukunya ta yi rabi ma kusan babu ita.

Likita Hadiza, Katsina

Assalamu alaikum. Malam Mannir, kafin ka kashe ko kwabo a kan kaya, ka san nau'in jininka, AA ne ko AS ko SS. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wahala su ne ainihin masu tayar da ciwon. Mai AS ya rubuta a takardar lafiya, likitan nutso ya duba shi. Haka mai asmar da sanyi ko motsa jiki ke tayarwa, don iskar tukunya busasshiya ce mai sanyi. A auna hawan jini ma. Sanyi yana tsuke jijiyoyin fata, jini ya taru a ƙirji, ga wasu ruwa ya tsattsafo cikin huhu, masu hawan jini sun fi shiga wannan. Alamarsa numfashi yana gagara alhali regileta lafiya take, da tari, wani lokaci da kumfa mai ɗan ja. A fita nan take, a ba da oksijin, a tafi asibiti ko da ya lafa.

Minti 1 zuwa 3 na farko a ruwan sanyi numfashi yana ƙwacewa, zuciya ta yi sauri. Tsaya a sama, regileta a baki, sa fuska a ruwa, kada ka sauka sai numfashi ya dawo hannunka.

A farkon nutso kana da ɗumi, jini yana gudu, jiki yana shan naitirojin ɗin da ke cikin iskar tukunya sosai. A ƙarshe ka yi sanyi, jini ya janye daga fata da gaɓoɓi, naitirojin ɗin ba ya fita da sauri, wanda ya rage kuwa yana iya zama kumfa a jiki ya jawo ciwo. Shi ya sa teburin lissafin zurfi da lokaci na PADI, ƙungiyar koyar da nutso, ya ce a ruwan sanyi a lissafa kamar an fi zurfin gaske da mita 4. Kwamfutar hannu ba ta san sanyin da jikinka ke ji ba, mayar da ita kan mataki mai tsauri. Rawar ɗari in ta fara, nutso ya ƙare. Kada ka jira zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, inda tunani da yatsu ke daina biyayya. Bayan fitowa a bushe, a rufa, hula a ka, shayi mai ɗumi. Wankan ruwan zafi da ɗaukar kaya masu nauyi a ɗan jinkirta su.

Sanyi yana sa yawan fitsari, mutane kuma sukan ƙi shan ruwa saboda wahalar zif. Sha daidai, kada ka ƙi, kada ka cika ciki. Da azumi a baki, shawarata a ɗaga nutson zuwa bayan salla. Robar wuya in ta matse har fuska ta kumbura ko ka ji jiri, tana danne jijiyoyin gefen wuya ne, tana iya sa suma. A buɗa ta a kan wani abu mai faɗi ta kwana, in bai yi ba a yanke zobe ɗaya kacal da almakashi mai kaifi a sake gwadawa.

Ranar dawowa gida: awa 12 aƙalla tsakanin nutso ɗaya da hawa jirgin sama, awa 18 in an yi fiye da ɗaya ko kwanaki a jere. Aberdeen tana da ɗakin matsi na jinyar 'yan nutso. Lambar gaggawa a can 999 ce, a bakin teku ka ce a haɗa ka da masu gadin gaɓa.

Mannir, Ƙofar Guga

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jinina AA ne, Likita, zan je a auna sauran. Saura biyu. Zan iya fara sabawa a dam ɗin Ajiwa kafin tafiya? Kuma in sayi rigar ta intanet tun daga nan, ko in bari sai na isa?

Injiniya Rabe, Daura

Dam, a'a. Ajiwa, Zobe, Jibiya, har Sabke da ke wajenmu, ba wurin koyo ba ne. Laka ba ta barin ka ga tafin hannunka, ga taru da ƙugiyoyin masunta, ga bakin bututun da ke jan ruwa, wanda in ya kama mutum babu ƙarfin da zai ɓamɓare shi, ga haɗarin tsargiya a ruwan da ke kwance. Katsina tana wajen mita 500 sama da teku, duk abin da ya wuce mita 300 kuma lissafin teburinsa daban ne. Ko a tsakiyar hunturu ruwan nan bai kusa digiri 8 ba, ba zai koya maka abin da kake nema ba.

Abin da za ka iya yi a nan: zuba ruwa da ƙanƙara a roba mai faɗi, kana zaune, wani yana kusa, ka sa fuska ba gilashi kana shaƙa ta bututun iyo na daƙiƙa 30. Cire gilashi a ruwan sanyi shi ke firgita mutane, wannan yana rage firgitar. Sa safar hannu mai kauri ka yi ta ɓalle maɗauran jaket da tiyo ido a rufe. A wurin ninƙaya na otal ka koyi harbin kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, don shi ke hana ƙafa yin sama. Hau bene da jakar kilo 15 a baya, kayan can wajen kilo 35 ne kuma da ƙafa ake kai su bakin ruwa.

Rigar kuwa, bari sai ka isa. Fara da haya ko aro, ka san irin da ta dace da kai. Wajen gwaji, da rigar ɗumi a ciki, ka tsuguna, ka rungume kafaɗunka, ka kai hannu bayan wuya inda makunnin tukunya yake. In ɗaya ya gagara ta yi kaɗan. Takalmin da ya yi yawa ma'ajiyar iska ce. In gwanjo za ka saya, ja robar wuya da ta hannu ka duba tsaga ko danƙo, bi haƙoran zif ɗaya bayan ɗaya, a toshe wuya da hannaye a hura ta a shafa ruwan sabulu a kan ɗinki.

In za ka dawo da ita Katsina, zafin Afrilu, rana, tururin fetur da iskar da ke tashi daga injin lantarki suna cin robar leteks ta wuya da hannu. Wanke ta da ruwan daɗi, shanya a inuwa ciki da waje, barbaɗa wa robar hoda mara ƙamshi, goga wa zif kakin zuma. Na tagulla a buɗe ake ajiye shi, na roba a rufe. Naɗe ta sako-sako ba tare da karya zif ba, a ɗaki mai sanyi nesa da janareta, kuma a sake duba robar wuya da ta hannu kafin ta koma ruwa.